Kafin ka sayar da gona: Nawa ke riƙe gida a ƙasar waje?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara, da zarar an kai masara da shinkafa gida, kuɗi sun ɗan shigo hannu, akwai maganar da ke tashi a majalisun samari daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa: maganar fita waje. Wani Saudiyya yake hari, wani Libiya ko Aljeriya ta hanyar Agadas, ɗalibi kuma ya ƙwallafa ransa a kan Ingila ko Masar. Tambayar da aka fi kawo wa malamai ita ce ko tafiyar ta halatta. Wadda ba a cika yi ba, alhali hukuncin ta farkon ya rataya a kanta, ita ce: nawa mutum zai riƙa samu a can kafin ya riƙe kansa da iyalinsa cikin rufin asiri?

Tafiya neman arziki gadonmu ce

Shari'a ba ta hana bawa fita neman halalinsa ba. A aya ta 15 ta Suratul Mulk, Allah Ya hore mana ƙasa, Ya umarce mu da mu yi tafiya a sassanta mu ci daga arzikinSa. Tarihinmu ma shaida ne. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877. Ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja da Ankara, babban birnin Gana ta yau, sannan ya dawo ya zauna a Kano, inda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma fatake irinsa ba sa ɗaura kaya sai sun san guzurinsu, da kuɗin fito, da zangon da za su sauka, da abin da hajarsu za ta yi a kasuwar da suka nufa.

Akwai kuma waɗanda suka nufi gabas a ƙasa domin aikin Hajji. Da yawa sun tsaya a Sudan suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don tara kuɗin ƙetare teku. Wasu sun tara cikin 'yan shekaru, wasu kuwa a can rai ya yi halinsa, kuma jikokinsu na can har gobe. Niyya ɗaya aka fita da ita, abin da ake samu da abin da ake kashewa ne ya raba su.

Ko a hijirar Madina akwai abin lura. Buhari ya ruwaito cewa Sa'ad bin Rabi'a ya yi wa Abdurrahman bin Auf, Allah Ya ƙara musu yarda, tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya zo da sana'ar da ya iya, kuma ya sauka a garin da sana'ar take ci.

Me ake nufi da jin daɗi?

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi a littafinsa Almuwafaƙat, sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku. Akwai larura, wadda in babu ita rayuwa ta lalace, kamar ci da sha da matsuguni da magani. Akwai bukata, wadda in babu ita za a rayu amma cikin ƙunci, kamar abin hawa da ɗakin da zai raba 'ya'ya maza da mata. Akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Jin daɗin da Musulmi ke nema shi ne larura ta samu, bukata ta biya, a yi rarar da za a taimaki wani, ba tare da bashi ko roƙo ko haram ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta da rabauta wanda ya musulunta, aka azurta shi da abin da ya ishe shi, Allah kuma Ya sa masa wadatar zuci.

A wani hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an lissafa abubuwa uku da wanda ya wayi gari da su kamar an tattara masa duniya ne: aminci a mazauninsa, lafiyar jiki, da abincin yininsa. Lura da cewa aminci aka fara ambata. Wanda ke zaune ba takarda, yana jin ƙarar mota gabansa ya faɗi, ya rasa kashi ɗaya cikin uku na jin daɗi komai yawan abin da yake samu.

Lissafin Saudiyya

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne juya albashi zuwa naira. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace dala ɗaya. Idan dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. Sai dillali ya ce wa saurayi za a ba shi riyal 1,500 a wata, shi kuma ya buga lissafi ya ga naira 600,000, ya kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, hankalinsa ya tashi. Ya manta cewa da riyal zai biya haya, da riyal zai ci abinci, da riyal zai sayi magani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga wasu alƙaluma da dillali ba ya faɗa. Tun watan Yulin 2017 Saudiyya ta sanya kuɗin wata-wata a kan duk wanda baƙo ya ajiye a ƙarƙashin iƙamarsa. An fara da riyal 100, ana ƙarawa duk shekara, har ya kai riyal 400 a kan kowane mutum a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, kafin ya sayi ko da burodi. A shekarar 2020 ɗin aka ɗaga harajin sayayya daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. A ce albashinka riyal 4,000 ne: rabi ya tafi a zaman iyali kawai, saura haya da makarantar yara da abinci da sufuri. Wannan ne ya sa baƙi masu yawa suka mayar da iyalansu gida.

Akwai kuma harajin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar baƙo aiki, wanda ke kaiwa riyal 800 a wata. Wanda ya sayi biza a hannun kafilin da ba shi da aikin da zai ba shi, a kansa wannan nauyi yake komawa, riyal 9,600 a shekara, ga shi kuma aikin da yake yi a wani wuri saɓa doka ne. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma nan ne da yawa daga cikin mutanenmu suke faɗawa.

Wanda ya shiga da bizar Umra ya maƙale kuwa, ya haɗa saɓa alkawari da jefa kai cikin hatsari. Hukuncin zarce wa'adin biza na iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, daga nan sai tarhil a Shumaisi, a sako mutum a jirgi da kayan jikinsa.

Lissafin Turai

A Ingila gwamnati da kanta ta yanka adadi. Tun watan Afrilun 2024, mazaunin ƙasar da ke son kawo matarsa sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, bayan a da fam 18,600 ne. Wannan shi ne ƙofar shiga, ba ma'aunin jin daɗi ba. Kuɗin kula da lafiya da ake karɓa tare da biza ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro ko ɗalibi. Miji da mata da 'ya'ya uku za su biya fam 4,398 na kowace shekara, kuma a dunƙule ake biya tun kafin a shiga. Tun Janairun 2024 aka hana mafi yawan ɗalibai zuwa da iyali, a watan Maris kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya.

Ɗalibin da ake aika wa kuɗi daga gida yana da nasa hatsarin. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. A shekarar ce aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, aka kuma umarci wasunsu da su bar ƙasar. Ba almubazzaranci suka yi ba, kuɗin da suka tanada ne ya narke a hannunsu.

Abin da gida ke ba ka kyauta

Magidanci a Kiru ko Doguwa yana zaune a gidan gado, rumbunsa da hatsi, akuyarsa a turke. In matarsa ta haihu, dangi za su zo su yi jego da ita. In ya fita, kaka ko maƙwabciya za ta kula da yara. Islamiyya na bayan gida, masallaci na ƙofar gida. In an yi rasuwa, jama'a za su haƙa kabari su kai mamaci ba a nemi sisi ba. Duk waɗannan ba ya sa su a lissafi, domin bai taɓa biyansu ba. A Landan kuwa kowanne da farashinsa: renon yaro kuɗi ne mai nauyi, karatun Alƙur'ani na yamma ko na ƙarshen mako kuɗi ne, ɗumama ɗaki a lokacin hunturu kuɗi ne, kabari ma dubban fam ne. Mallakar gida kuma galibi ta bashin banki mai ruwa ce, wanda ke gudun riba sai ya daɗe yana haya ko ya nemi hanyar da ta fi tsada.

Haƙƙin waɗanda aka bari

Wanda ya tafi shi kaɗai gida biyu yake riƙewa. Ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye mabukata ba ya faɗuwa don an yi nisa. Abu Dawud ya ruwaito cewa tozarta wanda ciyar da shi ke wuyan mutum ya ishe shi zunubi. A mazhabar Malikiyya, matar da miji ya tafi ya bari ba nafaƙa tana da damar kai ƙara wurin alƙali, in ya tabbatar da haka ya ba da wa'adi, sannan ya raba auren. Ko da kuɗi na zuwa, doguwar rabuwa cutarwa ce, shi ya sa aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi bai dawo ga iyalinsa ba. Saboda haka kuɗin jirgin zuwa ganin gida yana cikin larura, ba ƙawa ba ne.

Sai bashi. Da yawa gona ake sayarwa ko a jinginar, wani lokacin gonar gado da marayu da mata ke da rabo a ciki. Gonar da ke kusa da ruwan Tiga tana ba da amfani damina da rani, shekara bayan shekara. Wanda ya musanya ta da bizar shekara biyu, sai ya tabbatar abin da zai tara zai sayi irinta, domin farashin gona ba ya jiran matafiyi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

To, nawa ne ya isa?

Babu adadi ɗaya da zai dace da Jidda da Landan da Alƙahira, amma akwai ma'auni ɗaya. Ɗauki takarda, ka rubuta albashin da ke cikin rubutacciyar yarjejeniya, bayan an cire haraji, da kuɗin ƙasar da za ka. Ka cire kuɗin takardun zama na shekara, ka raba shi wata-wata. Ka cire haya, da abinci, da sufuri, da magani, da karatun yara na boko da na addini. Ka cire nafaƙar waɗanda ka bari, da kason bashin da ka ci, da kuɗin zuwa gida. Farashin kuwa ka tambayi mutum biyu ko uku amintattu da ke zaune a garin, kada ka tambayi mai sayar maka da biza. Idan bayan wannan akwai rarar da za ta riƙe ka wasu watanni in aiki ya tsaya, kuma ta dawo da kai gida in ta ɓaci, to albashin ya isa. Idan lissafin bai tashi ba sai ka ɓoye wa hukuma, ko ka yi ƙarya a takarda, ko ka bar iyali da yunwa, to bai isa ba, ko da a naira ya kai miliyan.

Wanda lissafinsa ya fita, ya yi istihara, ya nemi yardar iyaye, ya yi shawara da matarsa, ya rubuta bashin da ke kansa, ya tafi da albarka. Wanda nasa bai fita ba, kada ya ɗauki zama a gida a matsayin kasawa. Kuɗin bizar na iya zama jarin noman rani ko na sayen hatsi a Kwanar Ɗangora. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, su daina auna ɗansu da ɗan maƙwabci da ya turo hoto daga waje, domin hoto ba ya nuna bashi.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka a inda ya fi mana alheri, Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya. Allah ne Mafi sani.