Maganin kitsen jini da ciwon tsoka: abin da ƙwayoyin gado suka bayyana

Mutum biyu kan sha maganin rage kitsen jini iri ɗaya, awo ɗaya. Ɗaya ya yi shekaru lafiya lau, ɗayan kuwa cikin ƴan watanni cinyoyinsa su yi tsami har tashi daga zaune ya zame masa aiki. Likitoci sun daɗe suna ganin haka da magungunan da ake kira statin, irin su simbastatin da atorbastatin, waɗanda ake ba mutane don kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2001 kamfanin Bayer ya janye wani nau'insu mai suna Lipobay daga kasuwa, bayan mace-macen da aka danganta da rugujewar tsoka.

Wani ɓangare na amsar ya fito a 2008 daga masana na jami'ar Okusfod ta Ingila. Cikin binciken da ya ƙunshi mutum kusan 12,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, sun binciki ƙwayoyin gado na mutum 85 da tsokarsu ta lalace yayin shan simbastatin miligiram 80 a rana. Abin da suka gano yana cikin ƙwayar gado mai suna SLCO1B1. Aikinta shi ne ƙera wata ƙofa a jikin hanta, wadda maganin ke bi ya shige daga jini. Idan mutum ya gāji wani sauyi a wannan ƙwaya, ƙofar kan yi ƙunci, maganin ya taru a jini ya isa ga tsoka da yawa. Wanda ya gāji sauyin daga mahaifi ɗaya, hatsarinsa ya ninka sau huɗu da rabi. Wanda ya gāje shi daga uwa da uba, kusan sau 17. Bayan shekara 3 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana a fara wa sabon majinyaci simbastatin da miligiram 80.

Sai dai waɗanda aka yi wa binciken kusan duk Turawa ne. Sauyin ya fi yawa a tsakaninsu, kuma ba kasafai ake samunsa a ƴan Afirka ba. Don haka ɗan Zinder da ke aiki a Faransa, idan aka yi masa gwajin aka ce ba ya ɗauke da shi, an duba masa ƙofa guda ce kawai, wadda aka fara ganowa a jikin wasu mutane. Har ma awon jinin da ake gane ciwon tsoka da shi, wato sinadarin CK, bisa ɗabi'a ya fi yawa a jinin baƙar fata, abin da kan ruɗi likitan da bai saba ba. Ƴan gabashin Asiya kuma nasu daban: rosubastatin na taruwa a jininsu fiye da na Turawa, shi ya sa ake fara musu da miligiram 5.

Tsoron nan bai kamata ya wuce gona da iri ba. Wani babban nazari da aka buga a 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ciwon jikin da masu shan statin ke kokawa da shi ba daga maganin yake ba. Dattijon da ya ajiye maganinsa saboda ciwon gwiwa, zuciyarsa ya bari ba kariya.

Ga iyalan da ke saya wa iyaye magani, ko aiko shi daga waje, hatsarin da ya fi kusa shi ne haɗa magunguna. Kilaritiromaisin da eritiromaisin, da wasu magungunan cutar sida, suna hana hanta narkar da simbastatin. Amlodifin da ake sha don hawan jini ma yana ɗaga shi a jini, shi ya sa idan an haɗa su ba a wuce miligiram 20 na simbastatin. Mai tallan magani a tasha ba ya tambayar me mutum ke sha a gida.

Alamar da ake gaggawar zuwa asibiti a kanta ita ce ciwo da kasala a cinyoyi ko kafaɗu duka biyu, tare da fitsari mai duhu kamar shayi. Sinadarin da ke fita daga rusasshiyar tsoka yana toshe ƙoda, kuma zafin bazara da ƙarancin shan ruwa suna ƙara tsananta abin.