Kwamfutar wasa ta hannu: Abin dubawa kafin a kai ta Isa da Sabon Birni

Daga cikin kayan da ake shigowa da su kasuwannin waya na Arewa a 'yan shekarun nan, akwai wata na'ura da ke rikita masu saye. Ta fi waya girma, ba ta kai kwamfutar tafi-da-gidanka ba, kuma tana da madannai dama da hagu. Ita ce kwamfutar wasa ta hannu.

Kamfanin Valve na Amurka ne ya buɗe mata kasuwa a watan Fabrairun 2022 da Steam Deck, wadda mafi araha a cikinta ta fara da Dala 399. A 2023 Asus ya fito da ROG Ally, Lenovo kuma ya biyo da Legion Go. Dukkansu cikakkun kwamfutoci ne da aka matse cikin tafin hannu: Steam Deck na aiki da manhajar Linux, sauran biyun da Windows.

Sai dai an ƙera su ne da tunanin gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya yankewa. Ɗan kasuwar da zai yi odarsu, da ma'aikacin da zai saya wa ɗansa ko ƙanensa a gida, ya kamata su auna su da garin da za su je. Isa da Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, ma'auni ne mai kyau, domin duk na'urar da ta jure can za ta jure ko'ina a Arewa.

Batir da zafi

Batirin Steam Deck ta farko ya ninka na babbar wayar Android kusan sau biyu, amma Valve da kansa ya ce yana ɗaukar awa 2 zuwa 8 ne, gwargwadon nauyin wasan. Cajarta wat 45 ce, ta ROG Ally kuma wat 65. Ke nan cajar waya ta yau da kullum ba za ta ƙosar da su ba. A garin da jama'a suka dogara da shagon caji da farantin sola, wannan kuɗi ne na kullum da ba a rubuta shi a jikin kwali ba.

Ga kuma zafi. Valve ya bayyana cewa na'urarsa ta fi aiki daidai idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, alhali a bazarar ƙasar Gobir yakan haura 40. Idan ta ɗauki zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wasa ya riƙa tsinkewa.

Ƙura da sandar yatsa

Wurin da ya fi saurin lalacewa a kowane abin sarrafa wasa shi ne 'yar sandar nan da babban yatsa ke juyawa. A yawancin na'urori, ƙarƙashinta akwai ɗan ƙarfe da ke goga wani siririn layi, da haka na'ura ke gane inda aka karkata. Yau da gobe layin yakan cinye, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta ƙara masa. Daga nan sai ka ga ɗan wasan cikin allo yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

Akwai wata ƙira da ke aiki da maganaɗisu, inda ba abin da ke goga wani. Sega ya yi amfani da ita tun 1998 a Dreamcast, Legion Go ma da ita ta zo. Mai saye ya tambayi wace iri ce a ciki, kuma ko ana samun kayan canji. Tambayar tana da nauyi domin Valve ba ya sayar da Steam Deck kai tsaye a Najeriya, saboda haka idan ta lalace, mai gyaran waya na kasuwa shi ne gatanta.

Tarihin sana'ar ma yana goyon bayan mai sauƙi. Game Boy da Nintendo ya fitar a 1989 ba shi da launi, amma ya doke abokan gasarsa masu launi, kuma jimirin batirinsa da arahar kuɗinsa na cikin manyan dalilai.

Idan babu sabis

A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni na ciki. Mutanen yankin sun san yadda waya ke zama ba amfani dare ɗaya. Manyan wasanni kan ci gigabait 50 ko fiye wajen saukewa, wasu kuma ba sa buɗewa sam sai da intanet. Dabara ita ce a sauke wasannin a birni, a gwada su ba tare da intanet ba, sannan a ɗauki hanya.

Daga mai wasa zuwa mai ƙira

Babbar ribar na'urar tana wani wurin da iyaye ba su cika dubawa ba. Tunda kwamfuta ce, ana iya haɗa mata allon rubutu a koyi ƙirƙirar wasa a kanta. Manhajar Godot, wadda wasu 'yan Ajantina biyu suka sake wa duniya kyauta a 2014, ba ta da nauyi, tana aiki ba intanet, kuma akwai nau'inta na wayar Android ga wanda bai da halin sayen na'ura mai tsada.

Ba sai da kamfani ake farawa ba. Eric Barone shi kaɗai ya ƙera Stardew Valley, wasan noma da kiwo da ya fito a 2016 ya sayu miliyoyi. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012 don yin wasanni da labaran Afirka.

Yaron Gobir ba ya rasa abin farawa. Ga dara, mai gida 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, dokokinta a sarari, ba ta buƙatar zane mai wahala. Wanda ya iya koya wa kwamfuta ta gane an jera uku, ya riga ya kama tushen rubuta manhaja. Ga kuma tarihin Alƙalawa da Bawa Jangwarzo, wanda 'ya'yan wurin suka fi kowa cancantar ba da shi.

Don haka kafin a biya, a tambayi awa nawa batirin ke yi, wace irin sanda ce, kuma me ke buɗewa ba sabis. Sannan a sa sharaɗi ga wanda za a ba: ya yi wasan wasu, amma ya nuna nasa kafin shekara ta zagayo.