Yadda ake ɗaga mota a gida ba tare da jefa rai cikin haɗari ba

Tsadar gyara na sa masu motoci da dama a sassa daban-daban na duniya yin ƙananan gyare-gyare da kansu a gida, kamar juyen baƙin mai, sauya taya ko duba birki. Sai dai galibin waɗannan ayyuka na bukatar a ɗaga motar sama, kuma a nan haɗarin yake.

A shekarar 2019, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Ostireliya, ACCC, ta ce kimanin mutane 120 ne suka rasa rayukansu a ƙasar tun daga shekarar 2000 yayin da suke gyaran mota da kansu, akasarinsu kuwa suna aiki ne a ƙarƙashin motar.

A Amurka ma, hukumar kiyaye haɗurra a kan manyan hanyoyi, NHTSA, ta ƙiyasta cewa kimanin mutane 4,800 aka kai asibiti cikin shekara guda, tsakanin 1994 da 1995, sakamakon raunukan da suka samu bayan da jak ya kuɓuce ko ya gaza.

Ƙaramar mota irin Toyota Corolla nauyinta ya kai kimanin kilo 1,300, wato daidai da buhun siminti 26. Ɗan kaɗan daga wannan nauyi ya isa ya hana mutum numfashi idan ya sauka a ƙirjinsa.

Aikin jak ɗagawa ne kawai

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar jak a matsayin abin da zai riƙe mota har a kammala aiki. An ƙera jak ne domin ya ɗaga mota ya kuma sauke ta.

Jak ɗin da ke zuwa tare da mota, wanda sau da yawa yake da siffar almakashi, an tanade shi ne domin sauya taya a bakin hanya. Gindinsa ƙarami ne, don haka girgiza kaɗan kan iya karkatar da shi.

Akwai kuma jak mai aiki da mai, irin wanda kanikawa suka fi amfani da shi. Yana aiki ne bisa ƙa'idar da masanin nan ɗan Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe cikin mazubi, matsin kan bazu ko'ina daidai wa daida. A shekarar 1851 ne Richard Dudgeon ya yi rajistar irin wannan jak na tafi-da-gidanka a Amurka.

Wannan dabara ce ke bai wa mutum guda damar ɗaga tan biyu da hannu ɗaya. To amma duk wannan nauyi ya dogara ne a kan 'yan ƙananan robobin da ke tsare man. Idan ɗayansu ta tsufa ta fara yoyo, motar na iya sauka sannu a hankali ba tare da wata ƙara ba, ko kuma ta faɗo nan take.

Matokari, ba bulo ba

Abin da ya kamata ya riƙe mota shi ne matokari na ƙarfe mai ƙafafu uku ko huɗu, wanda ake kulle tsayinsa da ƙusa ko da haƙoran ƙarfe. Ana amfani da su ne bibbiyu, ɗaya a kowane gefe, kuma a tsayi ɗaya.

A jikin kowane matokari akan rubuta nauyin da zai iya ɗauka. Ya kamata mai saye ya lura, domin a wasu lokutan adadin na biyun ne a haɗe.

Shi ma matokarin yana bukatar dubawa kafin a fara aiki, ko akwai tsatsa, lanƙwasa ko tsagewa a wurin walda. A shekarar 2020, kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 daga kasuwa, bayan da aka gano cewa haƙoran wasunsu na iya kuɓucewa alhali mota na kai.

Jera bulo ko duwatsu a madadin matokari kuwa ganganci ne. Bulo yana iya ɗaukar bango saboda nauyin ya bazu a jikinsa gaba ɗaya, amma idan ƙarfen mota ya danne shi a wuri guda sai ya dare, kuma ba ya nuna wata alama kafin hakan. Duwatsu kuma sukan zame wa juna.

Wurin da ya dace

Daɓen siminti mai ƙwari, wanda ba shi da gangara, shi ne wurin da ya fi dacewa. Yashi da ƙasa mai laushi kan nutsar da gindin jak ta gefe ɗaya, haka ita ma kwalta takan yi laushi a tsananin zafin rana. Idan larura ta kama a bakin hanya, faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak zai taimaka wajen sauya taya, amma hakan bai isa a shiga ƙarƙashin motar ba.

Kazalika, ba ko'ina ake kafa jak a jikin mota ba. Kamfanoni kan ƙarfafa wasu wurare na musamman, galibi a bayan tayoyin gaba da kuma gaban tayoyin baya, kuma littafin da ke zuwa da mota yana nuna su. Kafa jak a ƙarƙashin tankin mai, salansa ko kaskon baƙin man inji ɓarna ce da haɗari.

Wannan batu na da muhimmanci a ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda motoci da yawa na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. A can akan zuba gishiri a tituna lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuma kan ci ƙarfen ƙarƙashin mota. Wurin da tsatsa ta cinye na iya burmawa da zarar nauyi ya hau kansa.

Motoci masu aiki da lantarki su ma na bukatar kulawa ta daban, domin babban batirinsu a shimfiɗe yake a ƙarƙashinsu, kuma huda shi na iya haddasa gobara.

Matakan da ake bi

Da farko a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa motar a giya ta ɗaya, ko a P idan mai sauya giya da kanta ce.

Daga nan a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su kasance a ƙasa. Dalili shi ne a mafi yawan motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, saboda haka da zarar an ɗaga baya, amfaninsa ya ragu matuƙa.

Idan za a cire taya, a sassauta notuna tun tana ƙasa. Kokawa da notin da ya ƙi kwancewa alhali mota na sama na daga cikin abubuwan da ke ture ta.

Bayan an ɗaga motar, a kafa matokarai, a sauke ta a kansu sannu a hankali, kana a girgiza ta da hannu daga gefe domin a tabbatar ta zauna daram. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, ta yadda ko da wani abu ya kuɓuce za ta tare ta.

A tabbatar babu kowa a cikin motar, a kuma nisanta yara daga wurin. Bayan kammala aiki, sai an sauke motar ƙasa sannan a ƙarasa ɗaure notuna, ana tsallakawa daga kowanne zuwa wanda ke fuskantarsa.

Kada a yi aiki a kaɗaice

Wanda mota ta danne wa ƙirji ba ya iya ihun neman agaji, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan ta rasa iskar shaƙa. Don haka yana da kyau a samu wani baligi a kusa, wanda ya san yadda ake sarrafa jak, da kuma waya a hannunsa.

Duk wanda aka zaro daga ƙarƙashin mota ya kamata a garzaya da shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin zubar jini ta ciki ba ta cika bayyana nan take ba.

Ga mai motar da ba shi da matokarai ko daɓe mai kyau, abin da ya fi shi ne ya tsaya ga ayyukan da ba su bukatar shiga ƙarƙashin mota, sauran kuma ya kai su garejin da ke da rami ko na'urar ɗaga mota. Kuɗin da bakanike zai karɓa bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba, balle asarar rai.