Giyar Da Ke Canza Kanta: Daga Amurka Zuwa Limawa

Duk direban da ya sha gosulo a kan gadar Eko ya san azabar taka kuloci. Shi ya sa 'yan'uwanmu mazauna Ikko, idan sun tashi sayen motar da za su kai gida, sukan nemi mai giyar da ke canza kanta. Da yawa suna zaton fasahar Japan ce. To, ba haka ba ne.

Kamfanin General Motors na Amurka shi ya fito da ita a cikin 1939, ya sa ta a motar Oldsmobile, ya raɗa mata suna Hydra-Matic. Maimakon ƙafar direba, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, kuma matsin man nan shi ke zaɓar giyar da ta dace da gudun mota. A shekarar nan ce kuma kamfanin Packard ya soma sa na'urar sanyaya ɗaki a mota, ko da yake ta cinye wuri mai yawa a but. A 1951 Chrysler ya kawo sitiyari mai taimakon mai, wanda ko yaro ya juya shi.

Amma motocin nan masu tsawo kamar jirgin ruwa ba su yi kaka-gida a ƙasarmu ba. Shan mansu ya yi yawa, kayan gyaransu kuwa sai an yi oda. Ga shi sitiyarinsu na hagu, mu kuwa sai ran 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama. Da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai Fijo ta gaje hanya. Motocin sun tafi, dabarunsu suka zauna.

Saboda haka, ɗan Limawa mai niyyar kama hanyar Ilori, Jebba, Mokwa da Bida zuwa Minna, kada kyan fenti ya ruɗe ka. Zaro sandar awon man giya ka duba, in motar tana da ita. In man ja ne garau, madalla. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka bar wa dillali kayansa. Kuma ka sayi batir mai kyau, don irin na yanzu ba ta tashi da turi, ko da duk samarin unguwa sun taru a bayanta.