Ɗan Fallen da Ke Juya Wutsiyar Jirgi

Duk sanda bidiyon wani ƙaramin jirgin sama haɗin gida ya zagaya Facebook, sai ka ji masu cewa an yi masa faci, don sun hango ɗan fallen alminiyam a lanƙwashe a bayan wutsiya. Ba faci ba ne. Da gangan ake sa shi.

A yawancin ƙananan jirage, farfela tana juyawa dama in ka duba daga kujerar matuƙi. Iskar da take turowa baya murɗewa take yi a jikin jirgi, ta bugi wutsiya ta hagu, hanci ya karkata hagu. Dole matuƙi ya dinga danna fedar dama, mai juya marfin wutsiya. Awa biyu a haka, ƙafa ta yi tsami. Ɗan fallen nan shi ke karɓar aikin.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne hagu ake lanƙwasa shi in ana son marfin ya tafi dama. Iska ta ture fallen, fallen ya ja marfi, marfi ya juya jirgi, kamar yaro riƙe da akalar raƙumi. Kuma saiti ɗaya gudu ɗaya yake yi wa daidai. Wajen tashi sai an sa ƙafa. Shi ya sa masu haɗa jiragen Van's a Amurka kan fara manna shi da tef, su tashi, su sauka, su gyara kaɗan, kafin su kafe shi.

Abin da ke damuna shi ne raina shi. Nauyi kaɗan a bayan hinji na iya sa marfi ya kama karkarwar da ke yaga wutsiya cikin daƙiƙoƙi. A Satumbar 2011, a gasar tseren jiragen sama ta Reno, irin wannan falle, na marfin hawa da sauka, ya ɓalle daga wani jirgi samfurin P-51 saboda notuna sun saki. Mutum 11 suka mutu.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a wajenmu. Jirgin Air Beetle da sojojin samanmu suka koyi tuƙi da shi, a Kaduna aka haɗa shi daga samfurin RV-6A, kuma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964. Jami'an da ke zuwa ɗaukar hoto da samarin da ke haɗa jiragen nan a gida, da sun tura musu injiniya ya duba wutsiyar kafin a tayar da inji, da ya fi musu amfani.