Mamayar Afganistan: Yadda Duniya Ta Ɗauki Labarin, da Ribar da 'Yan Mazan Jiya Suka Ci

A ƙarshen watan Disamba na 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙetara iyaka suka shiga Afganistan. Ranar 27 ga watan aka kashe shugaban ƙasar, Hafizullah Amin, a fadarsa ta birnin Kabul, aka ɗora Babrak Karmal a kan mulki. Mahukuntan Mosko sun ce gayyatarsu aka yi don su taimaki gwamnati ƙawarsu. Ƙasashe kaɗan ne suka yarda da wannan bayani, tun da baƙon da aka gayyata ba ya fara da yanka mai gida.

Da maganar ta je Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya sai Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Saboda haka aka kai ta Babban Zaure, inda ranar 14 ga Janairu, 1980, ƙasashe 104 suka nemi a janye sojojin waje daga Afganistan, 18 suka ƙi, wasu 18 kuma suka yi rowar ƙuri'a. A cikin wannan wata ne ministocin harkokin waje na ƙasashen Musulmi suka yi taron gaggawa a Islamabad, suka la'anci mamayar, suka kuma dakatar da gwamnatin Kabul daga ƙungiyarsu.

Shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya hana sayar wa Rasha hatsi tan miliyan 17, ya jingine yarjejeniyar rage makaman ƙare dangi da ya sa wa hannu tare da Brezhnev, sannan ya yi kira da a ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko. Ya kuma yi wa Pakistan tayin taimakon dala miliyan 400, amma Janar Ziya'ul Haƙ ya raina kuɗin, ya kira su gyaɗa. Maganar ta zauna, don shi Carter manomin gyaɗa ne.

Batun wasannin shi ne ya kawo rigimar har ƙofar gidanmu. A watan Fabrairu na 1980 Carter ya aiko shahararren ɗan dambe Muhammad Ali ya zaga Tanzaniya da Kenya da Nijeriya da Laberiya da Senegal neman goyon baya. Shugaba Nyerere ya ƙi ganinsa. Ko'ina ya je tambaya ɗaya ce: ina Amurka take a 1976, lokacin da ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, suka ƙaurace wa wasannin Montreal saboda cuɗanyar da ake yi da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu? Kenya ta bi kiran Amurka. Nijeriya kuwa, a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, ta tura 'yan wasanta Mosko, inda ƙasashe 80 suka halarta.

Mamayar ta zo daidai lokacin da tauraron 'yan mazan jiya yake haskawa a ƙasashen Yamma. Tun a watan Mayu na 1979 Margaret Thatcher ta zama Firayim Ministar Birtaniya, kuma ta daɗe tana cewa Rasha ba abar yarda ba ce. Ta matsa wa 'yan wasan ƙasarta kada su je Mosko, amma yawancinsu suka yi kunnen ƙashi suka tafi. A Amurka kuma, Ronald Reagan ya riƙa nuna wa masu zaɓe Afganistan da ma'aikatan jakadancin da ake tsare da su a Teheran a matsayin shaidar raunin Carter. A zaɓen Nuwamba na 1980 ya lashe jihohi 44 daga cikin 50.

Da ya hau mulki, Reagan ya ɗage takunkumin hatsi a 1981 saboda manoman Amurka ne suka fi jin jiki. Amma ya ba Pakistan taimakon dala biliyan 3.2, makamai kuma suka riƙa kwarara zuwa hannun mujahidai, har da masu kakkaɓo jiragen sama daga 1986.

Ba a daɗe ba aka gwada gaskiyar masu sukar mamaya. Ranar 25 ga Oktoba, 1983, Reagan ya tura sojoji tsibirin Girenada. Ƙasashe 108 suka yi tir da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya, 9 kawai suka ƙi. Ita kanta Thatcher ranta ya ɓaci, domin Girenada ƙasar Kwamanwel ce, kuma an yi watsi da shawararta.

Sojan Rasha na ƙarshe ya bar Afganistan ranar 15 ga Fabrairu, 1989, bayan sun yi asarar mutum kamar 15,000. Mutanen Afganistan da suka rasu an ƙiyasta su wajen miliyan guda ko fiye, sama da miliyan 5 kuma suka yi hijira zuwa Pakistan da Iran. Da Rasha ta fita, manyan ƙasashen da suka zuba makamai sai suka juya baya, ƙungiyoyin da suka karɓi makaman kuma suka juya su kan juna, har Taliban ta kama Kabul a 1996.