Injin mai ƙarfi da ƙurar Adar

A watan Janairu na shekarar 1989, motocin tseren Paris-Dakar sun taso daga Agadas sun kwana Tawa kafin su nufi Yamai. A cikinsu akwai Peugeot 405 Turbo 16, wadda Ari Vatanen, mutumin ƙasar Finlan, ya ci tseren shekarar da ita. Injinta bai cika lita 2 ba, silinda 4 ne kawai, amma ƙarfinsa ya kusa na doki 400. Tun shekarar 2009 tseren ya bar Afirka. Abin da ke hana makanikan waɗannan motoci barci kuwa yana nan bai tafi ba, wato ƙura da zafin rana.

Direbobin da ke bin hanyar Tawa zuwa Tebaram sun san wannan sarai. Land Cruiser mai silinda 6 da lita 4,2 ƙarfinta bai wuce na doki 130 ba, amma rairayi ɗaya take sha da motar tsere. In ta mutu a daji da buhunan hatsi, ko da marar lafiya da za a kai asibitin Tawa, magana ta wuce ta wasa.

Gwanin makaniki ba ya fara aiki da ɗaukar sufana. Sai ya tambayi direba tukuna: yaushe ƙarfin motar ya ragu, a hawa ne ko cikin rairayi, allurar zafi ta tashi ko ba ta tashi ba? Sannan a tada injin, ya saurara, ya zagaya baya ya dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Sau da yawa matatar iska ce ta toshe, ko bakin allurar gazuwal ya lalace. Shuɗin hayaƙi na nufin injin yana ƙona baƙin mansa, zoben fistan sun cinye ke nan, ko turbo yana yoyo. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan injin ya yi ɗumi, shi ne mugun labari: ruwa na shiga silinda, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, wadda ƴan garaji ke kira juwan kulas, ta ƙone. In an zaro sandar auna mai aka ga ta yi kalar shayi da madara, babu sauran gardama.

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Wasu sukan sa sabon juwan su ɗaure, a biya su, mota ta tafi. Ba a daɗe ba sai ga ta an jawo da igiya. Dalili shi ne zafi yakan lanƙwasa kulas ɗin kansa. Wajibi ne a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna, in ya karkace a kai shi wurin masu injin gogewa su daidaita shi. Wajen ɗaurewa kuma, daga tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, da sufana mai ma'auni. Ƙarfin dantse ba ma'auni ba ne. Bayan haka a nemi abin da ya kawo zafin tun farko, domin ruwan rijiya mai kanwa yakan toshe hanyoyin radiyata.

Turbo kuwa, wanda sababbin motoci da yawa ke da shi yau, yana juyawa fiye da sau 100.000 a minti ɗaya, hayaƙin injin ne ke tura shi. Ƙwayar rairayi da ta ratsa yagaggiyar matata tana cin fukafukansa kamar zarto. Shi ya sa buga matatar iska a jikin taya don kaɗe ƙura ba dabara ba ce, ko da yake an saba. Haka kuma direban da ya iso Tebaram ranar kasuwa bayan doguwar tafiya, kada ya kashe injin nan take. Ya bar shi ya yi aiki a tsaye na minti 2 ko 3, har mai ya zagaya ya huce turbo.